Faifan da Ya Rage wa Ismaghil

"Kada ka jingina da teburin, Malam Zubairu," in ji Ismaghil. "Tuwon Katsina bai bar maka jiki marar nauyi ba."

Na janye gwiwar hannuna. Bayan la'asar ne, an rufe ƙofa da taga saboda yashi, an kashe fanka, ɗakin ya ɗau zafi kamar tanda.

Ismaghil maƙwabcina ne a Akokan, katanga ɗaya ta raba mu. Ƙuruciyarsa ta ƙare a ramin haƙar yuraniyom, ya fito da nauyin kunne da tarin da ba ya jin magani. Da ya bar aiki sai ya sayi ordinatar, wato kwamfuta, yana zuba wa direbobin hanyar Tahoua waƙoƙi a faifan sidi. Sun san shi da abu guda: faifansa ba ya tsalle, komai munin hanya. Da yake ba ya ji sosai, tafin hannu yake ɗorawa a kan lasifika ya auna kiɗa. Daga baya waya ta kashe sana'ar, masu kanti suka daina kawo sabon faifai. Guda ɗaya ya rage masa, naɗe cikin tsohon rawani.

Abin da yake son zubawa a kansa muryar matarsa ce, Fadimata, wadda ta rasu 'yarsu Siddiƙa tana goye. An ɗauki muryar a kaset a wani biki a Dannet, tana waƙa, mata suna kaɗa tende, gangar da ake yi da turmi. Shekara da shekaru ya ɓoye kaset ɗin, yana tsoron rediyo ya cinye zaren. Sai da ciwo ya kwantar da shi, Siddiƙa ta zo jinya daga Agadez, sannan ya ce a fito da shi. Muka shigar da muryar cikin ordinatar, waƙa tana ƙarewa zaren ya tsinke. Ita ordinatar kuwa ta tsufa, takan mutu ba sallama.

A wannan aikin ni ne kunnensa. Ya sa mini abin saurare a kai, ya dinga tambaya.

"Gangar tana dukan ƙirjinka, ko kamar ana buga kwano?"

"Tana dukan ƙirji."

"Guɗar matan fa?"

"Tana fashewa kaɗan in ta yi sama."

Ya rage ƙarfin, na ce ta daidaita. Na ƙara da cewa akwai wani shuu a baya, ko za a share.

"Bar shi. Iskar Dannet ce. In ka share ta, da numfashin matar za ka haɗa."

Siddiƙa kuwa ya hana ta ji. Ya ce ba za ta fara jin uwarta ta ƙaramin bakin na'ura ba, sai a babbar lasifika, daga faifai.

"Abba, a tura ta waya mana, ka huta," in ji ta.

"Waya matse murya take yi, kamar an cusa tunkiya a buhu. Uwarki ba ta son matsi."

"To, a yi da sauri, kafin kuran ya ɗauke, mu rasa lantarki."

"Abin da aka zuba da gaggawa, da gaggawa yake zubewa."

Ya riƙo faifan ta gefe, bai bar yatsa ya taɓa fuskarsa ba, ya ɗora shi a farantin na'urar, ya zaɓi tafiya mafi jinkiri. Nan tari ya sarƙe shi, teburin ya girgiza, kofin shayi ya yi ƙara. Da ya lafa sai ya dube ni.

"Ni ne zan ɓata shi. Ku ɗauke ni daga nan."

Muka kwantar da shi a tabarma, jikin bangon da ya fi nisa. Daga can ya ba da doka irin wadda ya saba ba direbobi: ba tafiya, ba magana, sai faranti ya fito da kansa. Ya ce wa Siddiƙa ta yi bisimilla ta danna.

Faifan ya fara juyawa. Wani koren layi ya kama jan jiki a fuskar ordinatar. Ina zaune ina roƙon Allah kada wutar lantarkin da ake turo mana daga Anou Araren ta ba mu kunya. A waje mai ruwa ya wuce da kurarsa, akuya ta yi kuka. Na ga ƙirjin Ismaghil ya ɗaga, ya cusa bakin rawani tsakanin haƙoransa. Siddiƙa ta yunƙura za ta tashi, ya ɗaga mata manuniya. Ta koma ta zauna.

Daga nan bai sake motsi ba. Na ce a raina, wannan bawan Allah akwai haƙuri.

Layin ya cika. Na'urar ta yi shiru, farantin ya turo kansa waje.

"Abba, ya gama," in ji Siddiƙa. Ta maimaita da ƙarfi, kamar yadda ake yi masa magana. "Abba, ya gama."

Na rarrafa na dafa wuyansa. Na zare rawanin daga bakinsa, na shafa idanunsa, na yi salati. Hannunsa na dama yana kan tabarma, manuniyar a miƙe. Ina kyautata zaton shahada ya cika da ita.

Bayan an share makoki, Siddiƙa ta aiko in shigo. Ta riƙo faifan ta gefe, ta sa shi. Iska ta fara fitowa, sai ganga, sai muryar mace, siririya mai tsayi. Babu tsalle ko ɗaya. Can tsakiyar waƙa wani saurayi ya yi dariya kusa da abin ɗaukar magana, dariya mai faɗi, ta mai lafiyayyen ƙirji. Na ji ta a ranar da nake kunnensa, ban gane mai ita ba.

Siddiƙa ta gane dariyar ubanta. Ta matsa kusa, ta ɗora tafin hannunta a kan lasifikar, daidai inda fentin ya goge.