Koci Prochaska da Bugu na Biyu

Shekara ashirin da biyu ina wanke rigunan 'yan wasa a ƙungiyar nan ta ƙwallo irin ta Amurka, ina goge hulunan kwanonsu. Koci bakwai na ga zuwansu da tafiyarsu, kuma babu wanda jahilci ya kora. Duk wayo ne ya ci su. Wendell Prochaska ne na bakwai, ciwon nasa ya fi na kowa tsanani.

Mutum ne da bai yarda a ci wasa ba tare da an ga hannunsa a ciki ba. In zai yi magana a bakin fili sai ya kare bakinsa da takardar dabaru, kada abokan hamayya su karanta leɓɓansa. Har tambayata inda na ajiye masa safa ya taɓa yi a haka.

Ranar Lahadin ƙarshe ta kakar wasa, cikin sanyin Disamba, mai ƙungiyar, Madam Odessa Pickens, ta sauko ɗakin sauya kaya da kanta.

"Wendell, ni ban iya dogon zance ba," in ji ta. "Ka ci na yau, kana nan baɗi. Ka faɗi, ka nemi wani gari."

Aka fafata har saura daƙiƙa uku, muna gaba da maki biyu. Baƙin suka fito da mai buga musu ƙwallo, Anselm Dufek, ɗan shekara arba'in da ɗaya, gemu duk furfura. In ƙwallon ta ratsa tsakanin dogayen sanduna biyun da ke ƙarshen fili, maki uku ke nan, sun cinye mu. Amma nisan ya wuce yadi hamsin, ga iska tana kaɗowa daga tafkin bayan fili kamar ta tuge tuta.

To, masu wannan sana'a suna da wata ɗabi'a da ban taɓa ganin alherinta ba. Koci yakan ɓoye damarsa ta tsayar da wasa, sai mai bugu ya gama shiri, sannan ya nemi a tsaya, wai don zullumi ya karya masa gwiwa. Na ga Prochaska yana matsawa kusa da alƙalin wasa. Mataimakinsa, Cletus Bohannon, ya riƙo masa riga.

"Oga, don girman Allah ka sa hannunka a aljihu. Tsohon nan ba zai kai ba. Ƙafarsa ko kaza ba ta korewa a iskar nan."

"Cletus, da ka san aikin, da kai ne a kujerata. Sakar min riga."

Ya kare baki da takarda, ya jira har lokaci ya kusa ƙurewa, ya raɗa wa alƙali. Alƙali ya busa usur, amma ihun mutum dubu sittin ya haɗiye shi. Dufek ya buga. Iska ta ɗauke ƙwallon ta yi hagu da ita, ko kusa da sanda ba ta je ba.

Fili ya ɗauki sowa. Ƙattinmu biyu suka sungumi durom ɗin lemo, wanda ni da hannuna na cika da ƙanƙara, suka juye wa Koci a ka, kamar yadda ake yi wa wanda ya ci. Sai ga alƙali a tsakiyar fili yana kaɗa hannuwa.

"Bugun bai shiga lissafi ba. Kocin masu gida ya tsayar da wasa kafin a taɓa ƙwallo. Za a sake."

Prochaska ya ruga, lemo na zuba daga kunnensa. "Ni? Tari fa na yi!"

"Tari?" in ji alƙali. "Sunana ka kira, ka ce 'yanzu, yanzu', har da tsunkulina. Koma bayan layi, malam."

Dufek ya tsinki ciyawa, ya watsa sama, ya dubi inda ta bi. Sannan ya juyo ya sara wa kocinmu.

"Na gode, Koci! Ashe hagu take ja. Allah ya bar zumunci!"

Ya saita dama, ya buga. Iska ta karkato masa da ƙwallon tsakiyar sanduna, tsaf, suka cinye mu.

A ɗakin sauya kaya ba mai ko tari. Prochaska na zaune a benci, haƙoransa na haɗuwa. Madam Pickens ta leƙo, ba ta ko dube shi ba, ni ta yi wa magana.

"Ba shi tawul. In ya bushe, ka raka shi ya kwashe kayansa."

Na miƙa masa. Ya ɗago kai ya ce, "Ka san dai a ƙa'ida dabarar daidai take."

Na ce, "Yallaɓai, Allah ya aiko maka iska kyauta, ka ce sai ka gyara mata aiki. Cire rigar, ta ƙungiya ce, wanki zan yi."