Gwana Ba Ta Cin Kyauta

Magen gidanmu ɓarauniya ce tun tana 'yar mitsitsiya, shi ya sa muke ce mata Gwana. Ni ban yafe mata komai ba. Kifin da ta ɗauke ranar da surukaina suka zo, har yau yana raina.

To bara sai ta fara ramewa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga fitsari ko'ina. Autata ta kai ta wurin likitan dabbobi, ya ce ƙoda ce ta gaji, ba warkewa sai dai lallaɓawa. Ya hana nama, ya hana gishiri, ya ba da wani abincin gwangwani, ya ce in ba ta ci shi ba, ba za ta kai baɗi ba.

Aka zuba mata a kwanonta, ta shinshina ta juya mana baya. Autata har da kuka. Na ce ke 'yar nan, kin taɓa ganin wannan ta ci abin da aka ba ta?

Na sa aka juye abincin a farantin maigida, aka ɗora kan tebur, aka rufe, muka laɓe. Ta hau, ta ture murfi, ta zauna tana jiran a kore ta. Babban ɗana ya shiga yana "ke, ke" kamar mai lallashin jariri. Ta dube shi, ta sauka ta bar abincin.

"Matsa," na ce. "Ba ka iya ƙarya ba, haka ubanka yake."

Da ta sake hawa, na tuno kifin nan, raina ya ɓaci da gaske, na wurga takalmi. Ta cika baki ta yi ƙarƙashin gado, ta dawo ta ƙara.

Tun daga nan safe da yamma sai na nemo tsohon laifinta. Da nawa suka ƙare na shiga maƙwabta. Matar tela ta ara mini na 'yan tsakinta da Gwana ta cinye, na ce zan biya in tata magen ta kwanta ciwo.

Watan jiya Gwana ta kasa tsalle, ta tsaya gindin tebur tana kallon sama. Maigida ya ce a ɗaga ta a ɗora. Na ce in aka ɗaga ta ai ya zama kyauta. Na kira kafinta ya yanke ƙafafun teburin.

Yanzu maigida a durƙushe yake cin abinci, yana mitar gwiwa. Ita kuwa takawa take a hankali ta hau. Nakan bari ta ƙoshi kafin in fara neman takalmin.