Jif Ɗin Sama'ilu

Bara da damina Sama'ilu ya binne ɗansa na fari, jaririn da bai ko yi kuka ba. Naƙuda ta kama matarsa Rahmatu, burjin ƙauyensu ya zama taɓo, kafin a kai ta asibitin Tofa aikin gama ya gama. Da ta sake samun ciki sai ya rantse bana laka ba za ta tsare su ba. Ya sayar wa maƙwabcinsa Muntaka shanunsa na huɗa guda biyu, ya haɗa da gyaɗar da ya noma, ya ce jif zai saya ko da tsohuwa ce.

Abdulkabir makanike ya ja shi gefe. "Malam Sama'ilu, ka je da sassafe, kafin su ɗumama injin. Ka dubi hayaƙi, ka dubi ko mai na ɗiga. Sannan ka kwanta ka leƙa ƙarƙashinta, ka tabbata ƙarfen nan, farfela, yana nan har gaba. Shi ke sa ƙafa huɗu su ja. Ko ka bari in raka ka."

Sama'ilu ya yi dariya. Mutumin da ba a taɓa cutarsa da sa ba a kasuwar Ɗambatta, shi za a koya wa ciniki? Ai kowa ya san girman kai rawanin tsiya ne, sai dai mai shi.

Ranar Juma'a ya shiga Kano cikin farar babbar rigarsa. Dillali ya tarbe shi da "Alhaji, Alhaji," shi da ko filin jirgi bai taɓa takawa ba. Ya shafa jikin motar, ya buga tayoyin, ya buɗe gaba ya leƙa kamar mai duba haƙoran sa. Maganar makanike ta faɗo masa, ya dubi ƙasa, ya dubi rigarsa, ya dubi mutane. Wane Alhaji ne zai kwanta a ƙasa? Ya ce ya saya.

Wata huɗu motar tana tafiya lafiya a busasshiyar hanya. Ran nan da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, naƙuda ta zo. Ya sa Rahmatu da Inna Mairo ungozoma a baya. Suna isa kwarin bayan gari motar ta nutse. Ya ja giyar ƙarfi, tayoyin baya suka yi ta watsa laka, na gaba ko motsi.

"Sama'ilu, yi wani abu!" in ji Inna Mairo. "Jini take zubarwa."

Tsoro ya kama shi. Ya ruga gidan Muntaka, aka ɗaura wa shanun da ya sayar masa amalanke, aka ɗora Rahmatu. Shanun suna jin muryarsa suka ja, don ba su manta shi ba. Amma sa ba ya sauri, kuma kwalta da nisa.

Rahmatu ta rayu. Yarinyar, mace ce, ba ta zo da rai ba.

Da la'asar, bayan sun dawo daga maƙabarta, Sama'ilu ya bar mutane a hanya ya nufi kwari. Farar rigar nan ce a jikinsa. Ya kwanta rigingine cikin taɓo, ya ja jiki ya shiga ƙarƙashin motar. Inda farfelar gaba ya kamata ta kasance babu komai, sai ramukan noti huɗu da suka daɗe da yin tsatsa. Ya daɗe a kwance yana kallonsu, yana kuka.