Moton da Ba Ya Goyo

Luƙman na durƙushe a gindin dogon-yaron da ke ƙofar biro, wato ofishin noma na Dogon Dutsi, yana goge tankin sabon babur ɗinsa da farin ƙyalle, sai inuwar mutum ta faɗo a kan fentin. Ko ɗagowa bai yi ba. Tun safe mutane ke zuwa suna tsayawa a kansa haka.

"Wannan shi ne ɗan Italiyan?" Judicaël ne, abokin aikinsa da suke teburi ɗaya.

"Shi ne."

"To ina sabon?"

Luƙman ya miƙe yana cizon leɓe. Yau kaɗai ya amsa wannan tambaya har bakinsa ya gaji. Babur ɗin sabo ne fil, a gabansa aka fasa akwatin katakon a Yamai. Laifinsa ɗaya, an ƙera shi da kamannin baburan da. Fitila guda ce zagayayya, tanki kore mai duhu, sirdi na fata ruwan ƙasa da ɗinki a jere. Turawa suna ce wa irin wannan ƙira retro. Da ya faɗa wa mai gadin biro haka, tsohon ya ji kamar an ce retiret, wato ritaya, kafin azahar rabin ma'aikatan gari sun ji labarin wai Luƙman ya ajiye aiki ya sayi tsohon moto na zaman gida. Mutanen Dutsi ke nan, ba ka iya musu.

Judicaël ya zagaya babur ɗin, ya shafa bayan sirdin inda ƙarfe ya taso kamar tozon bijimi. "Kai, monoplas ne fa! Ina wanda aka goya zai zauna?"

"Babu," in ji Luƙman, karon farko ya yi murmushi. "Shi ya sa ma na zaɓe shi."

Judicaël ya kwashe da dariya har da dukan cinya. Ai ya san tsohon moton Luƙman, ɗan Chana, wanda ya mutu mutuwar wulaƙanci. Wancan moto bai taɓa kwana biyu a jere a gidan mai shi ba. An ɗauki raguna a kansa, an ɗauki katifa, an ɗauki buhunan wake. Maƙwabta su ara, surukai su ara, abokin suruki ma ya aiko a ba shi. Luƙman kuwa ba ya iya cewa a'a, sai ya miƙa makulli ya taka da ƙafa zuwa aiki, in an dawo da shi ba madubi a ce masa Allah ya kiyaye gaba. Shekaru ya yi yana tarin wannan, yana kallon hotonsa a waya kamar saurayi. Abin da yake so bai fi ya mallaki abu guda a duniya wanda nasa ne shi kaɗai ba. Wallahi ba wani mugun buri ba ne.

Wayarsa ta yi ƙara. Fa'iza ce, matarsa.

"Ka zo gida yanzu. Yaya Hasiya ta iso daga Dumega."

Ya same ta zaune a tabarma a tsakar gida, ta ci kwalliyar da bai taɓa ganin ta yi ba sai da salla: atamfa sabuwa mai ƙamshin shago, lalle har idon sawu. Hasiya yayarsa ce, amma ba wanda ya san su da zai tsaya a nan. Uwarsu ta rasu yana jariri, ita kuma tana 'yar yarinya. Ita ta goya shi. Da shi a bayanta take daka, da shi take jan ruwa a rijiya, da shi take kai fura gona. Ita ta yi rigima da baffanninsu har aka sa shi lakwal, makarantar boko. Bayan nata yanzu ya ranƙwafa, in tana tafiya sai ka ce har yau akwai yaro a kai.

Suka gaisa, ta tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida da amfanin bana. Ba ta iya daurewa ba.

"Ina shi, Auta? Nuna mini."

Ya turo babur ɗin tsakar gida. Hasiya ta tafa hannu ta yi guɗa, har kajin Fa'iza suka watse. Ita ba ta ce tsoho ba ne, ba ta ce komai ba sai masha Allah. Ta shafa fitilar, ta shafa tankin, ta leƙa fuskarta a madubi ta gyara ɗaurin kallabi. Sannan hannunta ya bi sirdin zuwa baya, ya hau tozon, ya sauka a iska. Ta sake lalubawa.

"Ba a gama haɗa shi ba? Ragowar tana cikin kwali?"

"Haka yake, Yaya."

"To ni ina zan zauna?"

Fa'iza ta ja shi zuwa ƙofar madafa, ta yi ƙasa da murya. Yaya ta ce wa direban motar Dumega kada ya ajiye mata wuri a komawa. Tun ranar da labarin moto ya isa ƙauye take bin gida-gida tana cewa ƙanenta ne zai maido ta a bayansa ranar kasuwa, yadda ta goya shi haka zai goya ta. Akwai wata maƙwabciyarta, Adama, da ta daɗe tana yi mata habaici a bakin rijiya, wai ta yi goyon banza, ɗan lakwal ba ya waiwaye. Yau da la'asar duk matan unguwa za su zauna a ƙofar gida suna jira.

Luƙman bai ko ci abinci ba, ya hau babur ya nufi bakin tasha wurin Mani mai walda.

Mani ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin sirdin, ya ƙwanƙwasa tozon da sifana. Kowace ƙwanƙwasa sai Luƙman ya ji ta a haƙoransa.

"Abu mai sauƙi," in ji Mani. "In yanke wannan ƙululun, in walda ƙarfe biyu ta baya, mu ɗora sirdin kabu-kabu. Salansa ce ta taso sama da yawa, ita ma sai na lanƙwasa ta. Kafin la'asar mutum uku za su hau, har da akuya."

"Fentin fa?"

"Zai ɗan ƙone. Ai akwai baƙin fenti."

"To yi," in ji Luƙman.

Mani ya jawo injin yankan ƙarfe ya kunna. Faifan ya fara kuka, ya matso da shi kusa da koren fentin nan da ko ƙuda Luƙman bai bari ya sauka a kai ba. Luƙman bai san lokacin da ya riƙe hannun Mani ba.

"Dakata. Don Allah dakata."

"A yanke ko a bari?"

Luƙman mutum ne mai furfura a gemu, uban 'ya'ya, ga shi tsaye a gaban mai walda idonsa ya cika da ƙwalla a kan ƙarfe. Kunya ta kama shi, amma ya kasa cewa a yanke. Yana son abin nan, so na gaske, kuma ya san in aka yanke shi gobe da asuba za a yi sallama a ƙofar gida a ce ana son aro zuwa Dogon Kiriya. Ya ba Mani haƙuri, ya hau ya koma gida.

Hasiya na nan inda ya bar ta, sai dai ta ɗaure ƙunshin kayanta. Ta dubi babur ɗin, ta ga tozon na nan.

"Zo nan, Auta. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ba ka lura ba ne ka saye shi haka, ko da gangan?"

Da ya yi mata ƙarya da ta karɓa, don tana son ta karɓa. Amma bai taɓa iya yi wa wannan fuska ƙarya ba.

"Da gangan, Yaya. Na gaji da aro ne. Amma wallahi ba ke nake nufi ba, ko kaɗan ba ki zo mini a rai ba."

"Awo," in ji ta a hankali. "Ban zo maka a rai ba."

Sai da maganar ta fita ya ji yadda ta faɗi. Ya buɗe baki zai gyara, ta ɗaga masa hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta sa wa Fa'iza albarka, ta ce Allah ya tsare hawa da sauka, ya sa a kashe shi lafiya. Ta ɗora ƙunshi a ka ta fita. Ya hau babur ya bi ta a hankali yana cewa zai ɗaukar mata tasi ita kaɗai har ƙofar gida, mai sanyi a ciki.

"Tasi na ce musu?" Abin da ta ce ke nan, ba ta juyo ba.

A tasha motar Dumega ta cika maƙil da 'yan kasuwa. Da ƙyar aka matsa mata a can baya, tsakanin buhun gishiri da wata mata mai kaji, sabuwar atamfar duk ta cukurkuɗe. Luƙman na tsaye yana kallo har motar ta tashi. Ya koma wurin babur ɗin, ya zauna a kan sirdinsa mai laushi da ba mai raba shi da shi, ya ji bai taɓa zama wuri mai ƙunci irin wannan ba. Ya tayar da injin. Maimakon hanyar gida sai ya bi bayan motar.

Babur ɗin zai iya wuce wannan tsohuwar mota cikin ƙiftawar ido, amma bai wuce ba. Ya bi ta a baya a hanyar Tibiri, ta tsaya sauke mutane ya tsaya, ta tashi ya tashi. Da suka bar kwalta suka hau jar hanya, ƙurar motar ta rufe shi ruf. Koren tankin ya koma ja, gemunsa ma haka. Lokacin kaka ne, amalanke na ta wucewa da dammunan hatsi, masu su suna bin sa da kallo. Hasiya ta hango shi ta gilashin baya sau ɗaya, ta kau da kai.

Rana ta yi sanyi lokacin da motar ta tsaya a bakin garin Dumega. Hasiya ta sauko tana dafa gwiwa. Ta ɗauki ƙunshinta za ta bi ta bayan gari, ta cikin rumbuna, inda ba wanda zai gan ta. Luƙman ya sha gabanta, ya kashe injin, ya sauka.

"Hau, Yaya."

"In hau ina?"

"Nan." Ya share sirdin da hannun rigarsa.

"Kai kuma fa?"

"Ke dai hau."

Ta daɗe tana kallonsa. Ƙura ta rufe masa gira, kamar wanda ya fito daga sussuka. Bakinta ya motsa, ba a san dariya ce ko kuka ba.

"Auta, kai dai wawa ne tun kana ƙarami."

Ya tallafe ta ta zauna a kaikaice, ƙafafunta masu lalle suna reto a gefe ɗaya, ta jingina da tozon, ta rungume ƙunshi a cinya. Ya kama kan babur ɗin da hannu biyu ya fara turawa.

Kai, ashe abin nan nauyi gare shi! A kan kwalta ba ka ji, amma yashin Dumega ya kama tayoyin kamar mai bin bashin gaba. Kafin su wuce masallacin bakin gari rigarsa ta jiƙe sharkaf, takalmin biro ya cika da rairayi. Dattawan da ke zaune a dakalin masallaci suka miƙe tsaye.

"Wa nake gani kamar Luƙman na Hasiya? Sannu da zuwa, malam! Wannan ne moton da ake ta faɗa?"

"Shi ne, Baba."

"Af! Har ya mutu tun yau? Ai da ganinsa ka san ya sha duniya. Sun cuce ka, yaro."

Luƙman ya tsaya yana haki. Bayanin na nan a bakinsa, na akwatin katako da Yamai da Italiya, wanda ya wuni yana yi wa mutane. Makullin ma na jikin babur ɗin, taɓawa ɗaya zai yi su ji rurin injin. Ya dubi Hasiya. Ta miƙe bayanta iya miƙewarsa, ta ɗaga haɓa, tana amsa gaisuwar dattawan da hannu ɗaya kamar matar gwamna.

"Ya ɗan gaji ne, Baba," in ji shi. Ya ci gaba da turawa.

Gidan Hasiya na nan kusa, a miƙe, ana hango ƙofarsa. Ya tattara sauran ƙarfinsa ya nufi can. Sai ya ji ta taɓa masa kafaɗa.

"Ba ta nan ba. Bi ta hagu, ta bakin rijiya, mu fito ta ƙofar Adama."

"Yaya, ai wannan zagaye ne. Yashin can ya fi zurfi."

"Na sani," in ji ta. "Kuma ka tafi a hankali."

Luƙman ya share gumi da kafaɗarsa, ya juya kan babur ɗin hagu.