Katifun Haya

Shekara talatin masana'antar katifar mahaifinta tana tafiya a kan tsari guda: a yi katifa, a sayar, ba a sake ganin mai saye sai bayan shekara goma. Da tsohon ya rasu, ragama ta dawo hannunta, ma'aikata suka koma kiranta Manaja, ciniki kuwa ya yi ta ja da baya. Sai ta ɗauko wani masanin dabarun kasuwanci, dogo mai sanyin murya, wanda aka laƙaba wa Mai Zane don ba ya magana sai yana zane a allo.

"Ranki ya daɗe, katifa sau ɗaya ake saye, barci kuwa kullum ne," in ji shi. "Ki daina sayarwa, ki koma ba da haya. Duk shekara a kai wa mutum wata, a karɓo tsohuwar, a wanke, a sake mata riga, ta tafi wani gidan."

Kawunta, ƙanin mahaifiyarta, shi ne shugaban masu ɗinki. Ya zare tabarau ya ce, "'Yar nan, na san aron riga, na san aron tukunya. Aron makwanci ne ban taɓa ji ba."

"Kawu, otal fa?"

"Wannan ai kwana ɗaya ne."

Ta yi dariya, ta sa hannu a takarda.

Shekarar farko abin ya karɓu, har aka ƙaro mota. A ta biyu tsofaffin katifu suka fara dawowa, kowace da kwarmin mai kwana a kanta. A turara su, a ƙara soso, a ɗinke, washegari kwarmin ya dawo yadda yake. Mai Zane ya ce halin soso ne. Aka loda su a mota, aka kai su wasu gidajen.

Wata Talata da tsakar rana wata malamar makaranta ta shigo ofis, ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya.

"Ba ƙorafi na kawo ba," ta ce. "Tambaya ce. Ni kaɗai nake zaune, ban taɓa aure ba. Amma tun da aka kawo min katifar nan, kullum na farka sai in juya hagu in miƙa hannu in tallafo kan wani. Na san lokacin maganinsa. Na san ba ya son ruwa mai sanyi."

Manaja ta duba lambar katifar. Daga gidan wata mata ta fito, wadda ta yi jinyar mijinta wata goma sha ɗaya kafin ya cika. Ta ɗago ta dubi malamar.

"Yau za a canza miki, Malama, kyauta."

Malamar ta ƙanƙame jakarta. "A'a! To wa zai ba shi maganin?"

Cikin makon wani direba mai hayar katifarsu ya zo yana tambaya ko an san inda 'yarsa take, alhali bai taɓa haihuwa ba. Shi ma ya ƙi canji. Da Manaja ta faɗa wa Mai Zane, sai fuskarsa ta washe.

"Ba wanda ke son rabuwa da kayanmu ke nan. Wannan ai shi kowane kamfani yake nema."

A ranar ta sallame shi. Ta dakatar da haya, ta koma sayarwa, ta tura motoci su kwaso duk katifar da ta taɓa kwana a gida biyu. Cikin ɗari uku, sha tara aka samu, sauran masu hayar suka hana. Kawu da kansa ya cinna musu wuta a bayan masana'anta.

Bayan wata biyu Manaja ta je gidan malamar da kanta, ko za ta shawo kanta. Ɗaki ne ƙal, labule a sauke da rana tsaka, kofi biyu a kan tebur. Malamar ta rame, amma fuskarta a sake take. Ta tare ta a bakin ƙofar uwar ɗaki, ta ɗora yatsa a leɓe.

"A hankali, yanzu ya samu barci."

Ta gefen kafaɗarta Manaja ta hango gadon. Babu kowa a kai. Zanin gado dai ya lotsa ta hagu, tsawon mutum. Duk maganar da ta shiryo ta gudu. Ta juya da sanɗa, ta jawo ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara. Sai da ta kai bakin titi ta tuna abin da ta ce wa malamar a lokacin da za ta fito: "Allah ya ƙara masa sauƙi."