Ba Laifi, Malama

Da Manaja ya ce asibitin ba zai ɗauko masana daga waje ba, ma'aikatan gida Mai Zane za ta koya wa yadda ake gwada manhaja a hannun jama'a, sai ta taɓe baki har sai da ya gani. Wata takwas ta yi tana zana manhajar kama layin ganin likita ta waya. Ranar Alhamis za a yanke hukunci, ko a sake ta ga jama'a ko a miƙa aikin ga wani kamfani. Kuma wai masu auna mata aikin su ne Sakatariya da Mai Sito da Baba Direba mai jan motar marasa lafiya. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, amma a ganinta waɗannan ko uwar ɗakin ba su kai ba.

Ta tara su a ɗakin taro mai fanka ɗaya, ta yi musu magana dalla-dalla kamar 'yan aji ɗaya.

"Doka uku ce, ko akuya za ta haddace. Ku miƙa wa mutum waya ku ce ya kama layi. Kada ku taya shi. Kada kuma in ji wani ya ce, ya yi kyau, ko? Wannan 'ko' ɗin roƙo ne. Duk wanda kuka roƙa zai ce muku ba laifi, kuma ba laifi ba amsa ba ce, kunya ce kawai."

Sakatariya na ta rubutu da jan biro. Mai Sito na hamma. Baba Direba ya ɗaga hannu.

"Malama, in mutum ya rasa inda zai danna fa?"

"Sai ka zauna a kan hannayenka, Baba. Ka kalli yatsarsa ka yi shiru. Shirun dai ka iya, ina fata."

Takaici ya ishe ta. Mutumin da wayarsa ke ɗaure da kyauro, shi ne zai faɗa mata inda zanenta ya karkace.

Laraba da la'asar suka dawo. Sakatariya ta ajiye shafi shida, mutum ashirin, kowa ya ce ba laifi, wasu har da sa albarka. Mai Sito ya ce nasa duk sun kama layi lafiya lau, da aka matsa shi ya amsa cewa shi ya danna musu, don tsofaffi ne, bai kamata a bar su suna wahala ba. Mai Zane ta ture takardun gefe da bayan hannu. Abin da ta zata ke nan, an aiki bawa garinsu. Amma can ƙasan ranta ta ji sanyi, domin shirmen nasu bai taɓa zanenta ba.

Baba Direba bai kawo takarda ba. Bayan katin asibiti ya yi zane-zane, tsaye tara, kwance biyu.

"Mutum goma sha ɗaya na zauna da su a bencin jira. Tara sun tafi sumul har shafin ƙarshe, sai yatsa ta tsaya a sama. Ban ce komai ba, yadda kika ce. Wata mai goyo ta daɗe tana kallon koren maɓallin nan, sannan ta miƙo mini wayar ta ce, Baba, ni ban ga likita ba tukuna, don me za a sallame ni?"



A jikin koren maɓallin, wanda in an danna shi ake tura buƙata, an rubuta Sallama. Mai Zane ce ta zaɓi kalmar da kanta, har ta yi musu da mutum biyu a kanta, ta ce ta fi "Aika" armashi. Ta manta cewa a asibiti sallama na nufin tattara kayanka ka tafi gida.

"Biyun da suka danna fa?" Muryarta ta yi ƙasa.

"Ɗaya bai iya karatu ba, koren ya bi. Ɗayan ya gaji da jira, dama tafiyar yake so."

Mai Sito ya ƙunshe dariya. Kunya ta rufe Mai Zane har wuya, ga haushi, domin gobe Alhamis, kuma gaban Manaja wannan kati mai maiƙon inji za a ajiye. Ta jawo wayar, ta shafa shafukan da ta yi wata takwas tana gyara launinsu, ta juya wa tsohon fuskar wayar.

"To, kalma ɗaya ce, a minti biyu zan canza ta. Amma dai sauran ya yi kyau, ko?"

Sakatariya ta ɗago kai daga takardarta. Baba Direba ya dubi Mai Zane, ya mayar da katin aljihun gaba, ya gyara hularsa.

"Ba laifi, Malama," in ji shi.