Riga Mai Lamba Bakwai

Mutum goma sha biyu ne a cikin hoton. Na ƙirga da yatsa, na ƙirga da bakin biro, na sa mai shara ma ta ƙirga, goma sha biyu ne ba ƙari. Amma kafin sati ya zagayo, tsofaffi talatin da ɗaya sun zo sun rantse mini cewa suna ciki.

Ni ce mai kula da ɗakin karatu na kwalejinmu. Aikina littattafai ne, da kakkaɓe ƙura, da hana ɗalibai barci a kan tebur. Laifina kawai, na buɗe wata tsohuwar durowa ina neman abin da zan tokare taga da shi, sai na ci karo da hoton 'yan ƙwallon kwando na shekarar da kwalejin ta ci kofi, yau shekara hamsin da biyu. Tun da aka kafa makarantar, kofin nan kaɗai ta taɓa ci. An rubuta sunaye a bayan hoton, amma gara ta cinye su tas, ta bar mana "Daga hagu zuwa dama" don mu sha kallo.

Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ji labari, nan take ta kafa kwamiti. Aka yanke cewa za a buga hoton babba, a kafa shi a sabon zauren wasanni ranar Asabar, a rubuta sunan kowa a ƙasa. Doka ɗaya ce, kuma Ciyaman na kwamitin ya karanta ta sau biyu: duk wanda ya fito a hoton a rubuta sunansa, wanda bai fito ba ya yi haƙuri. Ni aka ɗora wa rubutun.

Ciyaman tsohon malamin lissafi ne. Sai bayan shekara goma da cin kofin ya shigo kwalejin, saboda haka bai san kowa a hoton ba, amma wannan bai dame shi ba ko kaɗan, don yana da dabara.

"Ku manta da fuska," ya ce. "Fuska tana kumbura, gashi yana gudu, haƙora suna yin ritaya. Gwiwa za mu duba. Gwiwar mutum ba ta canzawa."

Haka kuwa aka yi. Kwana huɗu ɗakin karatuna ya koma wurin baje kolin gwiwa. Tsofaffin daraktoci da alƙalai suka jeru tun daga ƙofa har wajen ƙamusoshi, kowa ya naɗe ƙafar wando yana jiran a zo kansa. Ciyaman yana durƙusawa da gilashin ƙara girma, ya dubi gwiwa, ya dubi hoto, ya girgiza kai. Mutum shida ne zaune a benci, gwiwoyinsu a fili, shida kuma suna tsaye a baya, benci ya rufe ƙafafun biyar daga cikinsu. To duk wanda ya faɗi jarrabawar gwiwa sai ya tuna cewa ai shi a baya ya tsaya. Ran Laraba muna da mutum ashirin da biyu a gurbin mutum biyar.

Kwamiti yana da babban shaida, wato Kyaftin, wanda ya jagoranci ƙungiyar a wancan lokaci. Shi ne riƙe da kofi a tsakiya, wannan ba gardama. Sai dai idonsa ya tafi shekara takwas da suka wuce. Kullum a kawo shi, a zaunar da shi kusa da fanka, a ɗora masa hoton a cinya, ya shafa ya ce takardar mai kyau ce, sannan ya yi barci.

Duk wannan da dariya nake kallonsa, sai ran Alhamis da na ɗaga kai na ga mahaifina a layi, ya naɗe wando.

Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma a kafaɗata kansa yake tsayawa. Tun muna yara yake ba mu labarin riga mai lamba bakwai, da yadda yake bi ta ƙarƙashin hammatar dogaye, da ƙwallon ƙarshe da ya jefa aka busa tashi. Mu muka ji har muka haddace, yanzu jikoki yake ba. Mama kuwa shekara arba'in tana ba shi amsa ɗaya.

"Mutumin da sai ya taka kujera yake sauko mini da tukunya daga kan kanta? Wataƙila dai a makarantarku a ƙasa ake ajiye kwandon."

Yakan yi dariya, amma na san abin yana cinsa. Ba shi da lambar yabo, ba shi da riga, ba shi da hoto ko ɗaya. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na daɗe da sa labarin cikin tatsuniyoyinsa. Tun da aka fara maganar zauren nan ya sa aka wanke masa kayansa na fita, ya kuma gaya wa jikoki su shirya, ran Asabar za su ga sunan kakansu a bango.

Da layi ya zo kansa, bai yi wata-wata ba ya ɗora yatsa a kan lamba bakwai.

Mai lamba bakwai shi ne na ƙarshe a layin baya, daga dama, inda benci ya ƙare, don haka ana ganinsa tun daga kai har takalmi. Ƙato ne na gaske. Ya fi kowa tsawo, kansa ya kusa fita daga hoton, rigar ta ɗame shi ta tsaya a saman cibiya.

"Baba," na ce ƙasa-ƙasa, "wannan fa ya kusa taɓo rufi."

"Lokacin ina cin abinci sosai."

Ciyaman ya kawo tef ya auna Baba, ya auna hoto, ya yi lissafi a bayan ambulan. "Ranka ya daɗe, bisa wannan lissafin ka rage da kamu biyu."

"Tsufa ne."

"In haka tsufa yake yi, da ni yanzu a aljihu ake kawo ni taro."

Aka kwashe da dariya. Baba ma ya taya su, yana sauke ƙafar wandonsa a hankali. Raina ya ɓaci, da su da shi duka. Su don rashin ta-ido, shi kuma don ya ja wa kansa.

Ana cikin haka wata mata ta matso daga bayan layi. Nas ce, da fararen kayanta, da alama daga wurin aiki ta biyo. Ta ce ta ga hoton ne a allon sanarwa. Ta sunkuya ta daɗe tana kallon ƙaton nan, sannan ta ce, "Wannan babana ne."

"Madalla," in ji Ciyaman. "A wane gurbi yake bugawa?"

"A kicin. Shi ne kukun kwalejin. Bai taɓa riƙe ƙwallo ba, ludayi ya sani." Ta share ido da bayan hannu. "Ina shekara shida ya rasu. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, amma ƙanena kamar an tsaga kara da shi."

Na juya na dubi Baba. Ya nemi kujera ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

"Gaskiyarta," ya ce. "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, yakan ƙara mini nama. Jikin nasa ne. Rigar ce tawa."

Daga nan ya ba da labarin da bai taɓa ba mu ba. Shugaban kwalejin na lokacin yana aika hoton ƙungiya ga iyayen yara kowace shekara, kuma ya ce in aka ga guntun mutum a ciki za a ce makarantar ba ta ciyar da ɗalibai. Saboda haka duk ranar ɗaukar hoto sai a tuɓe wa Baba riga, a kira kuku a cusa shi a ciki. Shi kuma da yake ba a son ya zauna haka nan, sai a ba shi aikin riƙe labulen da ake shimfiɗawa a baya, don iska tana kaɗa shi. Shekara uku ana haka. A shekarar kofin ya ɗan leƙo da kansa, mai hoto ya ce, "Kai mai labule, matsa baya, kana shiga hoto."

"To me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?" na tambaye shi.

"In ce wa uwarki me? In ce an cire ni saboda gajarta? Ai sai ta samu na shekara arba'in masu zuwa." Ya dubi nas. "'Yata, a rubuta sunan babanki. Ni na ɗauka ba mai zuwa nemansa, shi ya sa na ce bari in ara."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa, sai na mai da ido kan hoton. A can sama, gefen hagu, inda labulen ya ƙare, akwai wani abu da na ɗauka tabon gara ne. Na fizge gilashin daga hannun Ciyaman. Hannu ne, yatsu huɗu a damƙe da bakin labule, ɗan ƙaramin ya karkace waje kamar marfin biro da aka taka. Na san yatsan nan. Shi nake kamawa in za mu tsallaka titi ina ƙarama.

"Ciyaman," na ce, "maimaita mana dokar nan."

"Duk wanda ya fito a hoton."

"To ga shi ya fito."

Kwamiti ya shiga muhawara ta awa guda. Wani ya ce hannu ba shi da gwiwa, don haka ba yadda za a tantance shi. Wani ya ce in aka ba hannu suna, gobe masu inuwa za su zo. Ciyaman ya lissafa cewa abin da ya fito bai kai kashi biyu cikin ɗari na Baba ba, ya kawo shawarar a rubuta harafin farko na sunansa kawai. Hayaniyar ce ta tashi Kyaftin.

"Wa ake magana?"

Aka gaya masa. Ya ce a kawo hannun. Baba ya miƙa, Kyaftin ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan ƙaramin sai ya tsaya.

"Guntu," ya ce. "Ashe kana nan. Ni na karya yatsan nan a wajen atisaye, kuma da shi a naɗe ya jefa ƙwallon da ya ba mu kofi. Mu sauran tsawo kawai muka kawo."

"Me ya hana ka faɗa tun ran Litinin?" in ji Ciyaman.

"Wa ya tambaye ni? Takarda kuke ta ɗora mini a cinya."

Ran Juma'a na rubuta sunaye. Na sa na kuku a gurbinsa, na bar sauran layin baya da "ana kan bincike", sannan a ƙarshe na rubuta: "Sama daga hagu, hannu," na sa sunan Baba cikakke, har da na kakansa.

Ran Asabar da safe na isa zauren kafin kowa, na yaye ƙyallen da aka rufe hoton da shi don in duba. Mai firam ya yi aiki mai kyau, katako mai faɗi, mai sheƙi. Katakon nan kuwa ya hau daidai kan hannun ya rufe shi ruf. Sunan Baba yana ƙasa yana nuna katako.

Ban nemi shawarar kwamiti ba. Na ari sukundireba wurin direban kwaleji, na hau tebur, na kwance katakon gefen hagu gaba ɗaya, na jefa shi bayan ƙofa. Hannun ya fito. Amma da jama'a suka cika aka kunna fankoki, sai gefen takardar ya fara naɗewa, yana rufe hannun yana buɗewa.

Aka yi jawabai, aka tafa, Mama da jikoki suna zaune a gaba. Nas ta zo da ƙanenta, suka tsaya gaban lamba bakwai suna kallonsa. Daga nan aka ce tsofaffin ɗalibai su jeru gaban hoton a ɗauki sabo. Masu gwiwar nan duk suka yi layi, Kyaftin a tsakiya da sandarsa. Na duba ban ga Baba ba. Can na hango shi a gefe, ya taka kujera, ya miƙa hannu ya danne bakin takardar don kada ta naɗe. Ba wanda ya sa shi. Ya ga abu yana kaɗawa a bayan masu hoto, ƙafarsa ta kai shi.

Mai hoto ya leƙa kyamara, ya ɗaga hannu. "Baba mai riƙe takarda, ɗan matsa baya, kana shiga hoto."

Na buɗe baki, kuma Allah kaɗai ya san abin da zai fito, sai Kyaftin ya riga ni.

"Ina Guntu yake?"

"Yana hagu, Kyaftin, a kan kujera."

Kyaftin ya juya, yana laluben hanya da sanda, har ya je ya dafa kujerar ya tsaya. Ciyaman ya bi shi. Sai layin gaba ɗaya ya fara ja zuwa hagu, tsofaffi suna tafe a karkace suna taka ƙafar juna, mai hoto yana jan kyamararsa yana mita.

Sabon hoton yana ɗakin karatu yanzu, saman teburina. Rabin tsohon hoton bai fito ba, kofin ma an yanke shi. Baba ne a tsakiya, a kan kujera, hannunsa a sama kusa da wancan hannun, ya fi kowa tsawo a wurin. A ƙasa kuma, gefen dama, akwai wani hannu da zobe, ya riƙe ƙafar kujerar gam don kada ta goce. Mama ta ce ba nata ba ne.